Injin da Ke Yanka wa Yayata Ciyawa

Shekara biyar ina yawo da wata lamba a kaina, ban gaya wa kowa ba. Haka muke yi a ƙungiyarmu ta masu tsofaffin baburan Ingila a nan Nakuru. In ka kuskura ka faɗi abin da kake nema ranar Lahadi wajen shan shayi, kafin Talata wani ya riga ka zuwa, ya ɗauke, ya tura ƙarƙashin gadonsa, ba don yana buƙata ba. Saboda haka kowa bakinsa a kulle yake, ana dariya ana cin nama, kowa na leƙen kowa.

Sunana Gathogo, aikina walda da gyaran babur. Aji huɗu na yi a firamare na gudu gareji. Ubangidan da ya koya mini aiki ba ya taɓa komai sai Triumph, kuma abin da ya fara cusa mini shi ne: duba lambar firam, duba lambar inji. In sun zo ɗaya, babur ɗin ɗan halak ne. In sun saɓa, an yi masa dashe, injinsa na asali yana wani wuri. Da wannan na girma, kuma ni in abu ya shiga kaina ya shiga ke nan.

Babur ɗin da nake magana a kai BSA ne, M21, na shekarar 1955. A Rongai na same shi, cikin rumbun wani tsohon malamin dabbobi da ya rasu, kaji na kwana a kan tankinsa. Ina kawo shi gareji na sa kananzir da buroshi na goge. Lambar firam ta ƙare da 6218. Ta inji ta ƙare da 1407. Na yi tsaki, na kwance injin a ranar na jefar da shi a lungu. A satin nan mijin yayata, Mwaniki, ya zo yana neman abin da zai ja masa injin yanka ciyawar shanu a gonarsu ta Subukia. Na ce masa ga shege nan a lungu, ɗauka, ba na son ganinsa. Ni da hannuna na je na kafa masa shi a kan gungume, na sa masa fuli da bel.

Daga nan na shiga neman inji mai 6218. Kisumu, Kitale, Nanyuki, babu inda ban je ba. Na kwanta a ƙarƙashin teburan mutane, na tofa miyau a yatsa na goge datti ina karanta lamba, mai wurin yana tambayata me nake dubawa ina ce masa babu komai. Da na gaji sai na haƙura, na samo wani injin M21 a Eldoret na zauna masa. Shekara biyu ina kansa. Sabon fistan, sababbin ringi daga Ingila, komai na auna shi sau uku kafin in ɗaure. Da na gama, in ka taka kik sai ka ji kamar dutse kake takawa, yana tashi kuma ko hayaƙi babu.

Sai ga 'yar malamin dabbobin nan ta zo gareji wata Alhamis da wata tsohuwar takarda, ta ce tana share akwatin babanta ta gani, ko za ta yi mini amfani. Takardar rajistar babur ɗin ce ta farko. Turanci yana ba ni wuya amma lamba ba ta ba ni. Firam 6218. Inji 1407. Na ce a raina, ashe tun kafin a yi masa rajista ɓarayin suka canza masa inji.

Ranar Lahadi na kai wa Mzee Gurdial. Shi ne dattijon ƙungiya, mabiyin addinin Sikh ne mai shekara saba'in da takwas, kuma duk babur ɗin da za a jera ranar baje kolinmu na shekara sai ya duba shi ya faɗi layin da zai tsaya. Yana zaune da kofin shayinsa, Barasa na gefensa yana yagar nama. Barasa direban manyan motoci ne da ya yi ritaya, yana da Norton guda biyu da baki guda ɗaya wanda ba ya hutawa.

Na ajiye takardar na ce, "Mzee, dubi abin haushi. Babur sabo fil, sun riga sun yi masa dashe."

Ya gyara tabarau ya duba. Ya daɗe yana dubawa.

"Wane dashe, Fundi?" Haka ake kiran mai sana'ar hannu irina a nan.

"Ba ka ga lambobin ba? Sun saɓa."

"To da me kake so su yi?"

"Su zo ɗaya mana."

Ya cire tabarau ya ajiye. "Wa ya gaya maka na BSA suna zuwa ɗaya a shekarun nan? Wannan ai Triumph ne. Su waɗannan, inji da lambarsa, firam da lambarsa, haka suke fitowa daga kamfani. Takarda ce kaɗai ke gaya maka wa ya zo da wa. Ga ta kuwa ka samu, abin da mutane ke mutuwa ba su samu ba. Yanzu saura ka nemo 1407, in yana duniya."

Na jawo takardar gabana na sake karanta lambar. Barasa ya daina tauna, ya zuba mini ido.

"Kai Gathogo, me ya sa fuskarka ta yi haka? Tsaya. Tsaya tukuna. Da ka ɗauko shi daga Rongai ai da inji a jikinsa, na gani da idona a bayan akori-kura. Ina ka kai shi?"

"Ba ruwanka."

"Mzee, tambaye shi!"

Gurdial ya ce, "Ɗana, ina injin?"

Na ce yana Subukia yana yanka ciyawa.

Barasa ya faɗo daga kan benci. Ba ƙari nake yi ba, ya faɗo, yana riƙe da ciki. "Shekara biyar! Har Nanyuki! Mutum ya kori ɗan cikinsa ya tafi neman ɗan da ba a haifa ba! Kai, ku zo ku ji, ku zo!"

"Barasa, in na tashi sai an kai ka asibiti."

"Tashi mana, Fundi. Ka fara duba lambata tukuna, ko ni ne."

Gurdial bai yi dariya ba, shi ya fi ƙona mini rai. Ya ce da na buɗe baki sau ɗaya a cikin shekarun nan, da ya gaya mini kafin shayi ya huce. Sannan ya ce baje koli saura sati uku, kuma layin gaba, na baburan da suke cikakku yadda suka bar kamfani, guda uku ne kacal a cikinsa. In na mayar da injin, nawa ne na huɗu. Na naɗe takardata na fita.

Washegari na sauke injin Eldoret daga babur, na ɗora a akori-kura, na kama hanyar Subukia. Mwaniki ya rasu shekara uku da suka wuce. Yayata Wangechi ita kaɗai ce a gonar da shanunta huɗu, 'ya'yanta duk suna Nairobi. Ta girme ni da shekara tara, ita ta goye ni, kuma har yau ba ta yarda na girma ba.

Na same ta a rumfar ciyawa. Ban ma gaishe ta sosai ba na durƙusa gaban injin. Ya yi baƙi ƙirin, ciyawa ta manne da bakin mai ta zama kamar gashi. Na kankare da farce. 1407, raɗau, kamar jiya aka buga.

"Lafiya, autan Mama? Addu'a kake yi masa?"

"Yaya, injin nan na zo ɗauka."

"Wanne? Shegen?"

"Ba shege ba ne."

"Kai ka ce. A nan wurin ka tsaya ka ce shege ne, har Mwaniki ya ce ka daina zagi a gaban yara. Yaushe ubansa ya bayyana?"

Na yi mata bayani. Ta saurara tana tsinke ganye daga zanenta. Da na gama ta ce ita ba ta ga abin tashin hankali ba, babur ɗina yana tafiya ko ba ya tafiya? Na ce yana tafiya. Ta ce to. Na ce ba za ta gane ba. Ta ce ƙwarai kuwa, ita shanu ta gane.

"Ba kyauta na zo karɓa ba," na ce. "Ga wani can a mota, irinsa ne sak, ya fi shi sau goma. Shekara biyu na yi ina gyara shi."

"In ya fi shi me ya sa za ka ba ni?"

"Saboda lamba, Yaya, na gaya miki!"

"Kada ka ɗaga mini murya a gonata. Zo ka ga."

Ta ɗauko wata igiya da ta sha hannu har ta yi santsi, ta naɗe a fuli. Ta danna ɗan maɓallin kafireto sau uku har fetur ya jiƙa mata yatsa. Ta kama igiyar da hannu biyu ta ja sau ɗaya, ba ma da ƙarfi ba. Tuf, tuf, tuf. Hayaƙi shuɗi ya cika rumfar. Na tambaye ta wane mai take zuba masa, ta ce wanda maƙwabci ke juyewa daga tarakta. Sai da na dafa gungumen.

Ta kashe ta ce, "Ka gani? Naka in zai yi mini haka, ɗauki wannan ka tafi. Ni ba lamba nake ba shanu ba."

Kafin la'asar na sauke tsohon, na shimfiɗa masa buhu a bayan mota, na kafa sabon. Na naɗe igiya na ja, a ja na biyu ya tashi, sautinsa kamar agogo. Na kalle ta. Ta ce in kashe ta gwada. Ta naɗe, ta danna, ta ja. Fuli ya juya rabi ya tsaya cak. Ta sake ja, ya tsaya. Ta sa ƙafa a gungume ta ja har ɗankwalinta ya zame. Ko motsi.

Abin a fili yake, ni ne ban yi tunaninsa ba. Tsohon ya cinye, ringinsa sun saki, iska na zurarewa ta ko'ina, shi ya sa mace mai shekara sittin da ɗaya take juya shi kamar dutsen niƙa. Sabon kuwa na toshe masa duk wata kafa. Akwai ɗan liba da ke sassauta matsin in ka riƙe shi, amma igiyar hannu biyu take so, ita kuma ba ta da na uku.

Na ce ta ba ni kwana biyu. Na kwana a ɗakin Mwaniki, ta ciyar da ni githeri, dafaffiyar masara da wake, safe da rana tana yi mini gori. Na buɗe kan injin na ƙara gaskit, na mayar da su biyu, abin da in na ga wani bakanike ya yi sai na zage shi. Na ja lokacin wutar fulogi baya. Na yi wa fuli ƙari da walda don igiya ta samu tsawo. Ya ɗan yi sauƙi. Ni ina tayar da shi da hannu ɗaya. Ita tana kai shi bakin tashi sai ya ƙi wucewa.

"Saura kaɗan, Yaya. Ƙarfin ne ba kya sawa."

"Ƙarfin na bar shi a goyonka."

"Igiyar ce ke zame miki. Naɗe ta a hannunki, ki ja da duk jikinki."

"Mwaniki ya ce kada in taɓa naɗe igiya a hannu."

"Mwaniki manomi ne. Ni ne bakanike. Naɗe."

Ta kalle ni, ta naɗe. Ta ja da duk jikinta. Injin ya kai bakin tashi, ya yi tari, ya buga da baya. Igiyar ta fizge ta gaba ɗaya ta maka ta da gungumen.

Ba ta yi ihu ba. Ta zauna a ƙasa tana riƙe da hannun, fatar bayansa ta saɓule, yatsu biyu sun kalli inda bai kamata ba. Na kwance mata igiyar. Na sa ta a mota na kai ta asibitin garin. Da aka ɗaure mata muka fito, sai ta ce, "Shanu ba su ci ba."

Na koma na sauke sabon injin. Na ɗauko tsohon daga kan buhunsa, na mayar da shi kan gungumen, na ɗaure noti huɗun da na kwance shekaranjiya. Babu wanda ya sa ni. Sati biyu na yi a gonar, ni ne tatsa, ni ne yankan ciyawa, ni ne kai madara bakin titi da asuba. Kullum in na naɗe igiyar nan idona na kan lambar, ga ta dab da hancina.

Ranar da zan tafi, 'yar maƙwabta ta karɓi tatsar, Wangechi kuma ta gwada ta ga tana iya tayar da tsohon da hannun hagu in ta haɗa da nauyin jikinta. Na tsaya a bakin mota na ce ko in sayo mata na zamani, irin na Sin. Ta ce maƙwabcinta ya binne uku a shekara huɗu, kuma igiyarsu ma fizga take yi. Na ce na lantarki fa? Ta nuna mini sama, ta ce in na ga waya in gaya mata.

"To ya za a yi, Yaya?"

"Ka ce wannan tsufa ne ya sa ya yi laushi?"

"E."

"To je ka tsofar da naka. Ranar da ya yi laushi ka kawo, mu yi musaya."

Na shiga mota na kama hanyar Nakuru.

Ranar baje koli na mayar da injin Eldoret a babur na je. Gurdial ya duba, ya duba takarda, ya nuna mini layi na biyu. Barasa ya zo da wani damin ciyawa ya ɗora mini a kan sirdi, ya ce saƙo ne daga 'yan uwan babur ɗina. Mutane sun yi dariya. Wani Bature daga Naivasha ya ce bai taɓa jin M21 mai daɗin sauti irin nawa ba, ya tambaye ni sirrin. Na ce masa ya matsa.

Tun daga ranar nake hawa. Da can sai Lahadi nake fito da shi, in goge in mayar. Yanzu ko burodi zan saya sai na zagaya ta Njoro. Ina zuwa Eldama Ravine in sha shayi in dawo, babu abin da ya kai ni. Na bi hanyoyin da ko jaki ba ya so. Barasa ya ce in cire matatar iska in bar ƙasa ta shiga, wata ɗaya ya isa. Na cire sau ɗaya, na yi tafiyar da ba ta kai mil biyu ba, na tsaya a gefen titi na mayar. Hannuna ya ƙi. Injin da na auna sau uku ba zan ɗura masa ƙasa ba, ko me za a yi.

Ƙarshen kowane wata ina zuwa Subukia da galan ɗin mai mai kyau, in juye na taraktar nan in zuba wa tsohon. Sannan in kafe babur a tsakar gida, Wangechi ta dafa kafaɗata ta hau kan kik da ƙafa ɗaya. Mun yi da ita, ranar da ya sauka da nauyinta kaɗai, an gama.

Watan jiya shi ne na bakwai. Ta hau, ta tsaya a kai kamar kan dakali, har ta ɗan yi tsalle. Bai sauka ba.

"Da saura," ta ce. "Kai dai ka iya aiki, ba a hana ka ba."

"Mil dubu shida na yi, Yaya."

"To yi wasu."

Ta je ta tayar da tsohon don ta yi yankan yamma. Ina tsaye ina ɗaure hular kwano sai na ji wani abu a ƙarƙashin tuf-tuf ɗin. Ƙwas, ƙwas, ƙwas, can ƙasa. Na san sautin nan. Sandar fistan ce ta fara wasa a gindinta. In ta ci gaba wata rana za ta tsinke, in ta tsinke kuma ta gefe take fasowa ta fito, kuma a gefen hagu lambar take.

Na ce ta kashe. Ta ce me? Na ce ta kashe, zan buɗe shi, kwana huɗu kawai, gindin kaɗai zan taɓa.

"Ka buɗe ka mayar mini da shi dutse irin wancan?"

"Na rantse ba zan taɓa ringi ba."

"Haka ka ce in naɗe igiya." Ta ɗaga hannun, yatsun nan biyu har yanzu ba sa lanƙwasuwa sosai. "Rani ake yi, babu kiwo, abin da na yanka shi suke ci. Bari ruwa ya sauka sai mu yi magana."

"Ruwa saura wata biyu!"

"To ai ba ni ke saukar da shi ba."

Ta juya ta ci gaba da tura ciyawa. Na tsaya ina jin ƙwas-ƙwas ɗin har na kasa. Na taka kik, nawa ya tashi a bugu ɗaya, lafiya lau, ko tari bai yi ba. Daga gonar zuwa Nakuru tafiyar awa ɗaya ce. Da na fito bakin titi sai na juya ta Nyahururu, na bi doguwar hanya.